Harbin Zuma Ba Abin Raini Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗakar da 'yan'uwa.

A ƙasarmu ta Ɗambatta, inda ake rataye amya bisa ɗorawa, harbin zuma ba baƙo ba ne. Amma akwai wanda jininsa ba ya shiri da dafin, wani kuwa gyaɗa ce ko allurar fenisilin. Na gani ga ƙanena: nan da nan borin jini ya rufe shi, harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Allura guda a cinya ta maido shi, da ikon Allah.

Sunanta adirenalin. Tana buɗe hanyar numfashi, ta ta da jinin da ya faɗi. A 1987 aka fito da EpiPen a Amurka, mai kama da alƙalami. A zare murfi, a danna a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando. In an yi minti 5 ba sauƙi, a ƙara ta biyu. A kwantar da mutum, kada ya miƙe, a kai shi asibiti ko ya warware, gama abin yakan dawo.

Alƙalamin nan da tsada, amma maganin na cikin 'yar kwalba da araha. Malamai, ku tambayi ɗakin shan maganin garinku ko sun ajiye. Ƙwayar Piriton ba ta buɗe maƙogwaro. Tun ran gini, ran zane.

Haza wasalam.

Wani Akawu, Ɗambatta.