Abin Da Ke Cin Ƙarfe

A Hausa ba mu tsaya ga cewa ƙarfe ya lalace ba, cewa muke tsatsa ta ci shi. Fi'ilin da muke bai wa gara da wuta, shi muka ba ta. Ni da ke karatun ilimin harshe, wannan "ci" ya daɗe yana jan hankalina, amma a garejin kawuna a Maradi na ga yadda ake cin.

Kawu na tada wata tsohuwar Berliet, babbar motar da kakanmu ya yi dakon gyaɗa da ita. Tun 1980 aka daina sa wannan suna jikin sababbin motoci, don haka ƙofar da tsatsa ta huda, ba kantin da za ka shiga ka sayo wata. In motar ta tashi, da ita gida zai ci abinci.

Aikina a hutu shi ne gurza. Sai an kankare tsohon fenti, ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli. To, lokacin ne fa ya fi shiga hatsari. Tsatsa ba ta buƙatar komi sai iska da laima, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. A watan Agusta raɓar dare ɗaya ta isa ka tarar da shi ya yi ja. Ko tafin hannunka mai zufa ka ɗora, shatin yatsunka zai fito. Shi ya sa dokar Kawu guda ce: "Ɗana, kar ka tuɓe abin da ba za ka iya rufewa kafin magariba ba."

Saboda haka kaɗan-kaɗan muke bi. A gurza, a goge maiƙo, inda tsatsa ta yi rami a shafa ruwan asid na fosfor har wurin ya koma baƙi, ya bushe, sannan a sa fentin ƙasa, wanda ƴan gareji ke kira antiruyi. Jan nan na da, miniyum, akwai dalma cikinsa, ƙurarsa guba ce, sai da ƙyalle a hanci ake kankare shi. Cikin ramukan shasi, inda buroshi ba ya kaiwa, baƙin mai ake zubawa. Amma mai bai taɓa wurin da za a fenta, don fenti ba ya kama shi.

Abin da Kawu ya tsana shi ne a lulluɓe tsatsa da mastik da fenti mai sheƙi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, kuma tana riƙe laima, sai ta ci gaba da aikinta daga ƙasa har fentin ya kumbura ya ɓare. Mai saye ya ga kyau, bayan damina biyu ya ga rami.

Ƴan uwa, magabatan da suka zaɓi "ci" sun lura da kyau. Mai ci ba ya barin ci don an rufa masa zane. Sai dai a raba shi da abincin.