Kwamfutar da ba ta riƙe sirrin kowa a birnin Seoul

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, sannan jirgi ya miƙa gabas har filin jirgin sama na Incheon, wanda ke kan wani tsibiri a yamma da Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Zaman jirgin ba sai na ba ka labari ba: ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage. Daga can jirgin ƙasa ya kwashe mu zuwa cikin gari.

Na sauka a unguwar Itaewon, domin a nan babban masallacin birnin yake, wanda aka buɗe a 1976, kuma a kewayensa ake samun abincin halal. Bayan sallar Juma'a sai ga buƙata ta taso, akwai takardun da zan cike in aika gida, wayar hannu kuwa ta yi mini ƙanƙanta. Na tambayi wani mai sayar da abinci ina kafe take. Ya ce in duba allon da aka rubuta "PC bang", wato ɗakin kwamfuta.

Aboki, da na shiga sai na tsaya ƙiƙam. Kwamfutoci jere reras, kujeru masu laushi, matasa sanye da abin sauraro a kunne suna ta wasa. Irin waɗannan ɗakuna sun bunƙasa ne tun wajen 1998, lokacin da wasan StarCraft ya mamaye ƙasar. Daga inda kake zaune za ka latsa a kawo maka taliya da abin sha. Ƙarfe goma na dare kuwa, doka ta ce yara su tafi gida.

Ni dai na tsaya ina jiran mai shago ya zo ya buɗe mini, kamar yadda muka saba. Ashe na'ura ce a bakin ƙofa take karɓar kuɗi, ta ba ka lamba. Fuskar kowace kwamfuta a kulle take sai ka shigar da lambar, daga nan agogo ya fara ƙirga maka lokacin da ka saya.

Na gama aikina, sai na shiga goge-goge: hoton fasfo, takardar banki, adireshin imel. Wani saurayi da ke kusa da ni ya yi murmushi, ya ce kada in wahalar da kaina, in danna wurin fita kawai in ga ikon Allah. Ina dannawa kwamfutar ta mutu, ta sake tashi fes, babu ko alamar na taɓa zama a gabanta. Kamar dai allon da almajiri ya wanke.

Shi ya warware mini dabarar. Yawancin kwamfutocin ba sa dogaro da abin da ke cikinsu. Daga wata babbar na'ura ta mai shago suke ɗauko tsarinsu duk lokacin da aka kunna su. Duk abin da baƙo ya sauke, ko ya canza, ko cutar kwamfuta da ya kwaso, sake kunnawa na share shi. Asalin tsarin yana hannun mai shago, baƙo bai isa ya taɓa shi ba.

Nan na tuna da kafe ɗinmu a lokacin rajistar JAMB. Ka zauna ka tarar da hotunan bayin Allah da sakamakon jarrabawarsu zube a fuskar kwamfuta, wani ma ya tashi ya bar Facebook ɗinsa a buɗe. Kowa da asusu guda yake shiga, kuma shi ne na mai cikakken iko.

Gyaran bai kai tsadar da ake zato ba. Windows kanta tana ba da damar a ware asusun mai shago da kalmar sirri, a buɗe wa baƙi wani mai taƙaitaccen iko. Akwai kuma manhajoji irin su Deep Freeze, na kamfanin Faronics da ke Kanada, masu mayar da kwamfuta yadda take da zarar an sake kunna ta.

Don haka masu kafe da masu kula da ɗakunan kwamfuta na makarantu, don Allah ku raba asusun nan, sirrin mutane amana ne a hannunku. Kai kuma aboki, kafin su gyara, kada ka tashi daga kwamfutar haya sai ka fita daga asusunka, ka goge abin da ka sauke.