Fari ko Ja, Lakadan ko Bashi

Kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, can fataken Hausa suke sayen goro, ayari ya biyo ta Yendi zuwa Kano. Da wannan ciniki nake koya wa ɗalibaina darajar kiran abu da sunansa.

A Haskell, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ana iya rubuta umarnin ciniki haka: "saya True False", wato eh da a'a. Na farko launin goro ne, na biyu hanyar biya. Idan mai rubutu ya sauya musu wuri, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, sai lakadan ya zama bashi. Maganinsa a ƙirƙiri nau'i biyu, Launi da Biya, a rubuta "saya Fari Bashi". Daga nan duk wanda ya sauya su, kwamfuta za ta ƙi karɓa.

Haka abin yake a magana. In aka tambaye ka "Ba ka biya ba?", amsar "eh" kaɗai tana iya haddasa rigima. Ka ce "na biya" ko "ban biya ba", domin kuɗin wani ne a ciki.