Jinin biki: wanda muka san hukuncinsa ba mu san awonsa ba



A makarantarmu ta Islamiyya ta matan aure a nan Tudun Wada, babu babin da ke tara tambayoyi kamar na jinin haila da na biki. Ko a Ahalari ne ko a Iziyya, da mun iso nan sai hannaye su tashi. Yaushe zan yi wanka? In ya ɗauke kafin arba'in fa? Mukan yi bayani cewa a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60, kuma duk ranar da ya ɗauke sallah ta wajaba. Amma shekara da shekaru ina karantarwa, ba a taɓa tambaya ta ko yawan jinin nan yana da iyaka ba. Abin da muka gada daga kakanni shi ne datti ne, gara ya fita.

Akwai wata ɗalibata daga wani ƙauye ta wajen Doguwa, haihuwarta ta shida. Ta sauka lafiya da asuba, uwar tafiya ta faɗo, har an fara barka. Jini na zuba ana canza zani, tsofaffi na cewa ciki ne ke wanke kansa. Sai da ta ce idonta na rufewa aka shiga neman maigida a gona, sannan aka shiga neman mota. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma sai da aka ƙara mata leda uku ta jini. Ba ƙeta ba ce ta sa aka yi jinkiri. Babu wadda ta san cewa an wuce gona da iri.

Ashe ba mu kaɗai ido ke yaudara ba, har da ma'aikatan asibiti. A shekarar 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 210,000. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya tamu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Abin da suka yi ba wani na'ura mai tsada ba ne. Wata leda ce da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu a ƙasa da aka yi wa layukan awo, jinin na taruwa a ciki ana ganin adadinsa. A asibitocin da aka ci gaba da ƙiyasi da ido, kusan rabin matan da jininsu ya wuce kima ba a gane ba. Inda aka yi amfani da ledar, an gano fiye da 90 cikin 100.

Kuma da an gano, ba a jira a gwada magani ɗaya a ga ko zai yi. A lokaci guda ake murza mara domin mahaifa ta tsuke, a yi allurar da ke ƙara tsuke ta, a ba da maganin da ke taimaka wa jini daskarewa, a sa ruwa, a duba ko an ƙaru ko wani abu ya rage a ciki. Da wannan aka rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kashi 60 cikin 100.

To nawa ne ya wuce kima? Rabin lita. Wato cikin ledar fiya wata ɗaya tak. Tun da na ji wannan kwatancen nake kallon ledar ruwan nan da wani ido daban, domin in jini ya watsu a zannuwa da tabarma, wa zai ce ya kai haka?

Mu da mafi yawanmu a ɗaki muke haihuwa, ba mu da ledar awo. Amma muna da abin lura. In zani ya jiƙe sharkaf an canza wani ya sake jiƙewa nan da nan, in guda-gudan jini na fita, in marar ta yi laushi maimakon ta yi tauri, in mai jego ta ce tana jin jiri ko gumi mai sanyi ya karyo mata, ba lokacin dafa ruwan wanka ko dama kunun kanwa ba ne. Wani binciken na 2017, wanda matan Nijeriya da yawa ke ciki, ya nuna maganin daskarar da jinin nan ya fi ceton rai in an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa. Wadda ke bayan Dajin Falgore ta lissafa nawa hanya za ta ci daga cikin awa ukun.

Shi ya sa yanzu nake ce wa masu ciki a ajinmu, tun a wata na bakwai a zauna da maigida a gama magana: izinin fita a karɓe shi tun kafin naƙuda, a san direban da za a kira ko da tsakar dare ne, a san ɗan uwan da zai ba da jini. A kuma riƙa zuwa awo ana shan maganin ƙarin jini, domin wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, abin da wata za ta zubar ta miƙe, ita shi zai kayar da ita. Masu haihuwa ta biyar zuwa sama su ne suka fi cewa sun saba, alhali kuwa mahaifarsu ce ta fi saurin kasa tsukewa.