Faɗuwar Birnin Gazargamu Da Abin Da Ta Jawo Wa Nguru Da Bade

Masana tarihin Amurka kan ce yaƙin Saratoga na 1777 shi ya juya akalar faɗan neman mulkin kai da suka yi da Ingila, domin nasarar da suka samu can ita ta sa Faransa ta shigo musu a 1778. To, ƙasar Nguru da Gashua ita ma tana da ranar da ta juya tarihinta, sai dai tata ba ta zo da daɗi ba.

Tun ƙarni na 17 Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, watau mai tsaron ƙofar yamma ta daular. Da jihadin da aka soma a 1804 ya iso Borno, ƙasar Galadima ce ta fara shan wuta. Garkuwa kuwa in ta karye, ai jiki ya shiga uku. A 1808 Gwani Muktar ya ci Birnin Gazargamu, fadar da Mai Ali Gaji ya kafa tun ƙarni na 15 kusa da Geidam ta yanzu.

Mai Ahmadu ya gudu gabas, ya sauka ya naɗa ɗansa Dunama. Shi kuma Dunama ya nemi gudunmawar wani malami, Muhammadu Aminu El-Kanemi. Aka ƙwato birnin, aka kashe Gwani Muktar, amma ba a daɗe ba Malam Zaki na Katagum ya sake cinye shi, daga bisani ya zama kufai.

Ashe wanda aka kira taimako shi zai gaji gidan. El-Kanemi ya gina Kukawa a 1814, iko ya koma hannunsa, a 1846 kuma ɗansa Shehu Umaru ya kawar da sarautar Sefawa ɗungum.

A yamma kuwa Haɗejiya da Katagum da Misau suka bi Sakkwato, Nguru da Bade suka wayi gari a bakin iyaka. Tilas Badawa suka haɗa kai ƙarƙashin Lawan Babuje, suka kewaye Gogaram da ganuwa don kare kansu. Wannan sarauta ce ta koma Gashua a zamanin Turawa.

Saboda haka mai auna yaƙi kada ya tsaya ga wanda ya shiga birni ranar nan. Ya duba hannun da mulki ya faɗa bayan shekara arba'in, da talakawan da aka bari da ginin ganuwa.