Hoton Ƙwaro Da Kuskuren Akawu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana ma'aikata wani kuskure da na yi, ko da ya ke faɗarsa da nauyi.

Ni akawu ne a Babban Mutum, ƙasar Daura, dab da iyakar Nijar. A 2021 na sayo wani ɗan gilashi a Kano wanda a ke maƙala wa idon wayar hannu, ya mai da ƙuda kamar ɗan tsako. Tun ran nan ba ni da abin shagala sai ɗaukar hoton ƙwari. Aikin kuwa na haƙuri ne. Sai ka matsa har saura faɗin yatsa biyu, ka riƙe numfashi, don in hannu ya motsa kaɗan hoton ya dushe. Da sassafe ya fi, sa'ad da sanyin raɓa ya hana su tashi. Yaran unguwa sun daɗe suna tsammani na taɓu.

To, cikin Agusta 2023, gero ya fid da kai, kawuna ya kira ni gonarsa. Tsutsar nan mai cin zangarniya, wadda mutanen Maraɗi ke kira murzuna, ta shiga, ta bar tabo a murɗe kamar an naɗa igiya. Na ɗauki hoton wata da ta mutu ta yanƙwane, ga waɗansu 'yan fararen abubuwa a gefenta kamar auduga. Ban yi wata-wata ba na ce, "Kawu, ƙwanta ne, kowane ɗaya tsutsa ce gobe." Ya ce, "Kai ne ka yi karatu." Muka wuni muna karya duk kan da ke da su, muka ƙone.

Bayan kwana uku na nuna wa wani malamin gona hoton, ina jiran yabo. Ya duba ya ce, "Malam, ai dogarai ka kashe, ka bar ɓarayi." Ashe ba ƙwai ba ne, gidajen siliki ne na wata 'yar rina da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, masana na kiranta Habrobracon hebetor. Macen ta kan harbi tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta, sa'an nan su saƙa gidajen nan su fito da fiffike. A Nijar har kiwonta a ke yi. Tun 2006 ma'aikatan INRAN na Maraɗi su ke rarraba ta ƙauyuka cikin 'yan jakunkunan algarara, da gero da tsutsar da za ta ci. Abin da su ke wahalar kaiwa, shi Allah ya kawo mana kyauta, ni kuwa na sa masa wuta.

Ban gamsu ba sai da na samo wani kan gero a gonar maƙwabci, na sa a kwalba na rufe da ƙyalle. Da suka fito na ɗauke su hoto na ƙirga: fiffike 4, ƙahonni dogaye, ƙugu siriri. Ƙuda kuwa fiffikensa 2 ne. A makarantar Mishan mun zana ƙwaro a allo, kai da ƙirji da ciki da ƙafa 6, amma sai ran nan na ƙirga na mai rai.

Na kai wa kawu kuɗin dami biyu, ya ƙi karɓa.

Yanzu ina da littafi, kowane hoto da ranarsa da shukar da na same shi a kai. Abin da ya rage mini sunaye ne na Hausa. Ina roƙon malaman makaranta da na gona, daga Daura har Zango da Baure, su tambayi tsofaffin garinsu yadda su ke kiran rinar nan, su rubuto ta hannunka.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Babban Mutum.