Tsakanin Harbi da Harbi

Maharban Faskari suna auna bindiga da tazarar da ke tsakanin harbi na farko da na biyu. Adaka ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, sannan a ja kunama; sau ɗaya take magana ta yi shiru, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ruga. Ga zabo da gada, wannan jinkiri bai taɓa zama aibu ba.

Ni kuwa bindigar iska ta ɗauki hankalina, saboda tsuntsayen da ke cinye mini dawa. Iri biyu na gwada. Ta farko karya ta ake yi a tsakiya, ƙarfen da ke naɗe a cikinta ya matse. Da an saki kunama sai ya tunkuɗa iska, iskar ta fitar da ɗan ƙwayar darma. Ta biyu tana da tulun iska da ake cikawa da famfo, tana harbi da yawa a jere, ba girgiza. Ta fi daɗin hannu, amma wa zai gyara mini ita a Sabuwa? Na ɗauki ta farko.

Sai dai tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, idon mutanenmu ya sauya. Ɗan banga mai adaka yana fuskantar AK-47 mai cin harsashi 30, kuma daga nesa ba ya tantance tawa da tasu. A buhu nake kai ta gona, bayan na sanar da mai unguwa.